Aninin Soja: Abin da Rigar Kaka Ke Faɗa

 

Maganarmu ta yau wani bawan Allah ne ya jawo ta, manomin shinkafa da albasa daga Tumbutu. Kafin na nesa su rikice, ba Tumbutun Mali nake nufi ba, tamu ce ta nan ƙasar Malanbil. Ya zo mana da ƙunshi a cikin leda. Da ya kwance, sai ga ragowar wata tsohuwar kwat mai duhu, gara ta cinye bayanta, gaban kaɗai ya rage. Kafar maɓalli biyar, maɓallan da suka saura biyu. Ya ce ta kakan mahaifinsa ce, a ƙasan adaka aka same ta bayan rasuwar wata gwaggonsa.

Abu biyu ne suka hana shi barci. Na farko, wani mai sayen tsofaffin kaya ya taya maɓallan, kuɗin kuma ba laifi a wannan marra. Na biyu, gardama ce ta gida. Danginsu na wajen Illo sun ce tsohon sojan Ingilishi ne, na Tumbutu sun ce a'a, Faransa ya yi wa aiki. Shi kuma ya taɓa ji an ce yawan maɓallin rigar soja shi ke nuna muƙaminsa. Sai ya ce mini, "Malam, tunda biyar ne, kakanmu babba ne ko ƙarami?"

To, bari mu bi abin a hankali.

Ku fara lura da kalmar kanta. Abin da na Gaya ke ce wa buton, na Kamba su ce botin, Bahaushe na da sunansa: maɓalli. Na ƙarfe kuwa, mai ƙyalli, anini ake ce masa. Kalmar nan ɗaya ta ɗauki kaya uku. Anini maɓalli ne. Anini kuɗi ne, ƙaramin nan mai huda a tsakiya wanda Ingilishi suka fitar a 1907, goma suke kobo ɗaya. Anini kuma shi ne tauraron da ke kafaɗar hafsa, shi ya sa har gobe a Najeriya za ka ji an ce mai anini biyu, mai anini uku. Ashe mai tambayarmu bai yi wauta ba. Harshen ma ya haɗa maɓalli da muƙami.

Kuma akwai inda zancen nasa yake gaskiya ɗari bisa ɗari, sai dai ba a nan ba. A Amurka, dokar tufafin soja ta 1851 ta tsara abin kamar lissafin ɗan makaranta. Kyaftin da laftanar, layi ɗaya na maɓalli tara. Manjo zuwa kanar, layi biyu, bakwai-bakwai. Birgediya, layi biyu, takwas-takwas, an jera su bibbiyu. Manjo-janar, layi biyu, tara-tara, an jera su uku-uku. Tun daga nesa ƙaramin soja zai ƙirga ya san wa zai sara wa. A Ingila ma, dakarun da ke gadin fadar sarki a Landan, masu jar rigar nan da doguwar baƙar hula, da jerin maɓalli ake rarrabe rundunoninsu biyar: wasu ɗai-ɗai, wasu bibbiyu, wasu uku-uku, har zuwa biyar-biyar.

Amma wannan duk rigar faretin manya ce. Ƙaramin soja, wanda zai haƙa rami, ya sari itace, ya kwana a ƙasa, wata riga dabam aka yi masa. A 1858 sojan Amurka suka fitar da wata gajeruwar kwat mai laushi, shuɗiya mai duhu, ba ta kama ƙugu, ba ta da ado, maɓallinta huɗu kacal. Sunan da suka ba ta ma'anarsa kwat-buhu, don kuwa haka take, ka zuba mutum ciki kamar gero. Girma huɗu kawai ake ɗinka ta, in ba ta yi maka ba sai ka yi mata. Kafin yaƙin basasarsu na 1861, sojojin sa-kai na jihohi kowa da irin kwalliyarsa, wasu toka-toka, wasu shuɗi, wasu layi uku na maɓalli a ƙirji kamar angwaye. A babban karon farko, a watan Yuli 1861, ɓangarorin biyu duka akwai masu toka da masu shuɗi, har aka yi ta ruɗewa tsakanin aboki da abokin gāba. Da yaƙi ya yi tsawo, kwalliya ta kau, kwat-buhu ta cinye fili. Daga baya, a 1874, suka koma mai maɓalli biyar.

Me ya sa na kai ku har Amurka? Don ku ga dabarar. Duk gwamnatin da za ta tufatar da dubban mutane da kuɗi kaɗan, wuri ɗaya take ɓullewa: gajeruwar riga, sakakkiya, layi ɗaya, maɓalli kaɗan. Kowane maɓalli kuɗi ne, kowace kafar maɓalli aikin tela ce. Ka rage huɗu a riga ɗaya, ka ninka da dubu goma, ka ga abin da ma'aji ya tsira da shi. Irin wannan lissafin ne ya biyo ruwa ya iso mana.

Kafin zuwan Turawa, mayaƙin ƙasashen nan bai san ƙirgar maɓalli ba. Riga ta ka ake zura ta. Barde na da lifidi da sulke da kwalkwali, dakare na da taguwa da warki da layu. Dogarin sarki ana gane shi da ja da kore. Girman mutum a yawan yadi yake, da aikin da ke wuyan riga, da rawani. Wato a wurinmu babba shi ne mai yalwar tufa. Sai ga wasu sun zo da tsarin da ke matse mutum cikin 'yar riga, a lasafta shi da lamba.

Faransa ta fara nata a Senegal. A 1857 gwamna Faidherbe ya kafa rundunar tirayar, sojojin baƙar fata da suka riƙe sunan Senegal ko da kuwa mutum daga Mali ko Dahome ya fito. Kayansu na farko irin na sojan Faransa na Aljeriya ne: jar dara, 'yar shara gajera buɗaɗɗiya, falmaran a ciki, jar ɗamara, da wando buje. Kun ga wannan 'yar sharar ba a ɓalle ta a ƙirji, ado ce kawai. Kafin ƙarshen ƙarnin aka sauya ta da gajeruwar kwat shuɗiya mai duhu, marar kwala, an zagaye wuyanta da zare ruwan ɗorawa, maɓalli layi ɗaya. Ƙanwar kwat-buhun nan ce, uwa ɗaya uba daban. Jar dara da jar ɗamara kuwa suka zauna daram.

A ɓangaren Ingila, labarin ya fi kusa da mu, don da sunanmu aka fara. Wani hafsan jirgin ruwa, John Glover, wanda jirginsa ya fashe kusa da Jebba a 1857, shi ne a 1863 ya tara mutum 18 a Legas ya ba su bindiga. Akasarinsu bayi ne 'yan arewa da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Aka riƙa ce musu Hausawan Glover, kuma sojan Najeriya na yau daga nan suke ƙirga asalinsu. Da su aka je yaƙin Ashanti a 1873 da 1874. Daga nan sunan Bahaushe ya zama kamar tambarin kaya mai kyau a kasuwar soja. Jamus ta ɗauki Hausawa a Togo da Kamaru, sarkin Beljiyam ya aika a nemo masa su don Kwango. Faransa ma ba a bar ta a baya ba: a 1891 ta kafa tirayar Hausa a kudancin ƙasar nan tamu, kuma suna cikin rundunar Kanar Dodds da ta yaƙi Sarki Behanzin, ta shiga Abome a watan Nuwamba 1892.

Wani abu a gefe, kada mu cika baki. Ba duk wanda aka rubuta Bahaushe a littafin bariki ne Bahaushe ba. Akwai Yarbawa, Nufawa, Barebari, Zabarmawa, da mutanen Bargu. In kai Musulmi ne daga arewa kana jin Hausa, shi ke nan, magatakarda ya gama da kai. Kuma da yawansu ba son Bature ya kai su ba. Wani bauta ya guje wa, wani bashi, wani sarkinsa ne ya miƙa shi.

Yanzu ku zo mu tsaya a bakin kogin nan, shekara 1894 zuwa 1898. Lokacin babu gada, babu ma gari mai suna Malanbil. Faransa ta gama da Abome tana son ta miƙe arewa ta taɓa Kwara. Kamfanin Ingilishi na Royal Niger, wanda ke da nasa sojojin tun 1886, ya ce ai duk Bargu tasa ce. A watan Nuwamba 1894 Kyaftin Lugard ya isa Nikki ya samo takardar yarjejeniya, bayan 'yan kwanaki Kumandan Decoeur na Faransa ya iso ya samo tasa. A 1895 Kyaftin Toutée ya hau kogin nan da jirage har ya wuce Sayi. A 1896 Hourst ya gangaro daga wajen Tumbutun Mali, ya ratsa ta gabanmu har teku. A farkon 1897 Bretonnet ya biyo ta Kandi da Illo ya je ya zauna a Busa. Ingila ta ga abin ya wuce wasa, ta ba Lugard kuɗi ya kafa sabuwar runduna ta Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAFF, aka yi mata sansani a Jebba.

Abin da ya biyo baya a 1898 kamar wasan dara ne. Faransa ta kafa tuta a wannan ƙauye, Ingila ta kafa tata a na kusa da shi. Wani wurin ma gari ɗaya tuta biyu, sojoji na kallon juna da yatsa a kan kunama. Turawan da ke cikin wannan tirka-tirka 'yan ƙalilan ne. Masu riƙe da bindigogin 'ya'yan Afirka ne, da yawansu ba takalmi, nan jar dara, can jar dara, kuma in sun buɗe baki ba wuya ka ji Hausa.

Ku sa kanku a matsayin mai gari a ƙasar Dendi a wannan shekarar. Mutum goma sun shigo da hantsi, suna son gero, suna son kaji, suna son 'yan dako ashirin kafin azahar. Ba ka karanta boko, ba ka san tutar kowa ba. In ka ba wa waɗannan, gobe waɗancan su zo su ce ka yi mubaya'a ga abokin gābarsu. Me ya rage maka? Ido. Ka dubi yankan rigar, ka dubi zaren wuya, ka dubi abin da aka buga a kan aninin Baturen da ke gabansu. Karatun riga a lokacin ba sha'awa ba ce, rumbunka da 'ya'yanka ne a kan sikeli. Wanda kuma ya san abin da rundunar Voulet da Chanoine ta aikata a 1899, daga bakin kogi har Birnin Ƙonni, ya san dalilin da ya sa tsofaffi ke cewa in an hango jar dara sai daji.

Ba a harba tsakanin Turawan biyu ba. A Paris aka zauna, ranar 14 ga Yuni 1898, aka sa hannu. Nikki ta zama ta Faransa, Busa da Illo suka zama na Ingila, aka ce iyaka za ta taɓa kogi mil goma sama da mashigin Illo. Mil goman nan ne ya sa mai tambayarmu yake da katin Benin, ɗan baffansa yake da na Najeriya. Ragowar aikin ma bai ƙare ba sai jiya-jiya: a watan Yuli 2005 ne kotun duniya ta Hague ta raba tsibiran kogi tsakanin Benin da Nijar, ta ba Nijar tsibirin Lete.

To mu koma kan ledar Tumbutu.

Malam, biyar ɗin nan ba muƙami ba ne. A rigar baƙin soja, ta Faransa ko ta Ingila, muƙami a hannun riga yake, shi ne igiya. Har yau ai muna cewa kofur mai igiya biyu, saje mai igiya uku. Maɓallin kurtu da na saje duk ɗaya ne. Abin da ƙirgar ke gaya maka shi ne irin rigar: layi ɗaya, maɓalli kaɗan, rigar aiki ce ta ƙaramin soja ko gardin kumandan. Su ma gardin nan, waɗanda ke karɓar haraji da kamo mutanen aikin tilas, sau da yawa tsofaffin tirayar ne, kayansu kuma ba su yi nisa da na bariki ba. Sannan ka tuna riga ta daɗe a duniya. Maɓalli ya faɗi, telan bariki ya maye da wanda ya samu. Soja ya bar aiki, matarsa ta cire na wata rigar ta ɗinka. Shi ya sa ni ban yarda da ƙirga ita kaɗai ba, kuma duk wanda ya ce maka daga yawan maɓalli zai faɗa maka shekara da muƙami, cinikinsa yake gyarawa.

Abin da ke magana shi ne hoton da ke kan aninin. Ga yadda ake karanta shi, ku da ke da irinsa a gida ku kasa kunne.

In ka ga ƙugiyar nan ta ƙarfe da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, wadda ake ce wa anka, to ka nufi Faransa. Sojojin da ta riƙa turowa ƙasashen nan a ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa suke, sai a 1900 aka mayar da su sojojin mulkin mallaka, amma suka riƙe ankarsu. Sai dai a yi hattara, sojan ruwan Ingila ma anka ce alamarsu. Bambancin shi ne kambin sarauta. Na Ingila na da kambi a saman ankar. Faransa kuwa tun 1870 ba ta da sarki, don haka aninin sojanta na zamanin da muke magana ba kambi. In ka ga itacen kwakwa, wannan alamar rundunar WAFF ce. In haruffan sun zama biyar, R ta shigo gaba, to abin bai girmi 1928 ba, don a shekarar ne sarkin Ingila ya ƙara musu wannan harafi. Shi kansa kambin yana da zamani: siffarsa ta sauya bayan rasuwar Sarauniya Victoria a 1901, ta sake sauyawa bayan hawan Sarauniya Elizabeth. Daga ƙarshe ka juya bayan aninin. Maƙeran kan buga sunansu da na garinsu. In ka ga Birmingham ko Landan ka san inda ka dosa, in ka ga Paris ma haka.

Na Tumbutu, da muka goge su da tsumma, ɗaya sumul yake ba komai, irin na kasuwa. Ɗayan kuwa anka ce ba kambi, a bayansa an rubuta Paris. Rigar ta ɓangaren Faransa ce, wannan kam gani ya kori ji.

Amma kada ka yi saurin zuwa Illo ka ce ka ci gardama. Riga ɗaya ce ta tsira, mutum kuwa yana iya sa biyu a rayuwarsa. A bakin iyaka irin tamu, abu ne sananne soja ya gama wa'adinsa a nan ya haye can, ko ya gudu daga bulalar wannan ya faɗa hannun wancan da sabon suna. Lokacin da Faransa ta matsa da kamun soja a yaƙin duniya na farko, jama'a da yawa sun tsallaka ƙasar Ingilishi, har a nan Bargu aka yi tawayen Bio Gera a 1916. Ba mamaki danginku na can suna riƙe da rabin labarin ne, ku kuna riƙe da rabi. Anka kuma ba ta faɗin shekara, don an yi ta amfani da ita tun kafin 1898 har zuwa samun 'yancin kai a 1960. Mai faɗin shekara shi ne ɗan littafin soja, wanda Faransa ke ba kowane tirayar, mai ɗauke da lambarsa da garinsu da ranar da aka ɗauke shi. A sake zazzage adakar gwaggo. A duba cikin gafaka, a duba tsakanin takardun gona, tsofaffi kan ɓoye shi inda suke ɓoye abin da suka fi tsoron rasawa.

Batun sayarwa kuwa, kayanka ne, ba mai hana ka. Ni dai ga abin da na gani. Irin wannan anini an buga shi dubu-dubai, shi kaɗai ba wata tsada gare shi ba a kasuwar Turai. Abin da ke ba shi daraja shi ne yana manne da rigarsa, rigar kuma an san gidan da ta fito. Ranar da aka sa reza aka yanke shi, ya zama ƙarfe kamar kowane ƙarfe, rigar ta zama tsumma. In tilas ta sa sai an sayar, a ɗauki hoton gaba da baya da waya tukuna, a rubuta sunan tsohon da na garinsu a takarda a ajiye. Kuma don Allah kada a goge shi da toka ko yashi ko ruwan batir, rubutun bayan ne ke fara tafiya. Busasshen tsumma ya isa. Rigar kuma a fitar da ita daga leda, leda na tara gumi, a naɗe ta cikin farin ƙyalle a sa inda gara ba ta kai.

Masu irin waɗannan kaya a Karimama, Gene, Madekali, Garu, ko can Dole Kaina da Lolo, ƙofarmu a buɗe take ranar kasuwa. Ku zo da su yadda suke, kada a wanke. Mai tambayarmu ya ce zai haye Illo bayan girbin shinkafa ya ji ta bakin dattawan can, in ya dawo za mu ba shi makirfo ya faɗa muku da kansa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.